Golmon Kyaftin

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na aurar da kaina ga wani Kyaftin, shi kuwa bawan Allah ko labari bai samu ba.

Lokacin ina taya Goggona sayar da farfesu a mami maket ta barikin Zuru. Sojoji su fita daji wajen Bena farautar 'yan bindiga, su dawo da laka da yunwa, ni ina bayan tukunya da littafin soyayya a cinya. A littattafan nan, duk namijin da ya yi shiru yana kallonki, ya gama mutuwa a kanki. Kyaftin dogo ne, ba ya magana, kuma yana kallona. (Ashe ludayi yake kallo, kar in rage masa nama.)

Ran nan ya ce, "Ƙanwata, gonar gindin dutse ta hanyar Mahuta, ta babanki ce?" Na ce e. Ya ce, "Asabar zan zo da yarana."

A wajenmu, mai son yarinya shi ke kwaso abokansa su yi wa ubanta noma. Golmo ke nan. To me ya rage? Na gaya wa Goggo, Goggo ta gaya wa mai burkutu, kafin la'asar har matar Kofur ta zo tambayar anko.

Asabar na sha kwalliya, na ɗauki tuwon dawa a ka, ƙawayena na biye da guɗa. Ga motar soja, ga samari da diga da shebur sun jiƙe sharkaf. Na durƙusa gaban Kyaftin na zubo haddata: "Ya hasken idaniyata, kowane ɗigon guminka zinare ne a ma'ajin zuciyata."

Ya waiga wurin Sajensa. "Saje, yarinyar nan lafiyarta?"

Saje ɗan Rikoto ne, nan cikin ƙasar Zuru, nan take ya gane. Dariya ta kayar da shi kan buhun yashi. "Oga, golmo ta zata! Kai ne ango!"

"Wane ango? Ramin tsaro muke haƙawa. Nan za mu girke bindiga."

Sai a lokacin na dubi gonar. Sun tuge dawar Baba, sun zuba gefe. Shi kuma yana tsaye, hannu a ka. Ya ce, "Ke, wannan ne surukin da Goggonki ta aiko in yi wa maraba?"

Saje na share hawaye ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Da Oga na biyan 'yan matansa da noma, da babu ciyawa ko ɗaya a ƙasar Zuru."

Tuwon dai sun cinye, har da neman ƙari. Har yau kuratan bariki sai sun ƙame sun sara mini kafin su ce, "Madam, farfesu."

Shawarata ga 'yan'uwana masu karatu a bayan tukunya: in soja ya zo gonar ubanki, dubi abin da ke hannunsa kafin ki shafa jan baki. Ba a noma da diga.