Farar Jakar Barci a Zauren Baba Illa

Ko na so in manta da safiyar da na farka a zauren Baba Illa, ba zan taɓa iyawa ba, don har yau mutanen ƙauyen ba su bar ni na manta ba.

Bari in fara da ciwona. Tun daminar da ruwa ya shigo ɗakina a Konni ya jiƙa katifa da duk takarduna, na rantse ba za a sake kama ni ban shirya ba. Na shiga kallon bidiyon masu kwana a daji a salula, daga kallo sai saye. Na sayi fitilar goshi mai kunna kanta da zarar an gitta hannu a gabanta. Na sayi batirin caji mai aiki da rana, da 'yar matatar ruwa, da usur, da matoshin kunne, da wata wuƙa mai baki barkatai har da ɗan zarto. (A buro, wato ofishinmu, abokan aiki suka raɗa mini suna Shiri, ni kuwa na ɗauka yabo ne.) Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: kwana a daji. Iyakar dajina bayan tasha.

Ta ƙarshe da na saya ita ce jakar barci, irin wadda mutum ke shiga ya ja zif har wuya, ya ja igiya hular ta tsuke masa fuska, sai ɗan ramin hanci. Fara ce sol. Mai shagon ya ce ita kaɗai ta rage, kowa ya ɗaga ta sai ya ajiye. Ban tambayi dalili ba. Na ce a raina mutanenmu ba su san kaya ba.

A lokacin ina neman auren Zali, wata tela a unguwarmu. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar tana hannun yayan mahaifin, Baba Illa, wani tsohon manomin albasa a wani ƙauye kusa da Badaguishiri. Iyayena sun je, an karɓe su da mutunci, amma ya ƙi sa rana. Saƙonsa ɗaya ne kullum: bai ga natsuwar ɗan Konnin nan ba tukuna. Da aka ce ciwo ya kwantar da shi cikin ɗari, Zali ta ce ga dama ta samu.

"Ka tahi ka duba shi," in ji ta. "Ka zamna, ka yi shiru, ka rage surutu. Kuma don Allah ka bar tarkacen nan naka gida."

Na ce to. Na kuma cusa tarkacen gaba ɗaya cikin jakar goyo.

Motar haya ta ɓata mana lokaci a hanya, ban isa ba sai bayan isha'i. Haru, ɗan Baba Illa, ya tarbe ni ya ce tsoho ya yi barci, sai da safe in gaishe shi. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo tuwo, sannan ya miƙo wani gwado mai kauri.

"Amshi wanga. Ɗarin nan ba irin naku na Konni ba na, hwadama na kusa."

"Bar shi kawai," na ce, ina murmushin wanda ya waye. "Na zo da shirina."

Haru bai tsaya ganin shirin ba, yana da ban ruwa da sassafe. Na tattara takalmi da komai na tura bayan ƙofa, na ɗaura fitila a goshi saboda ko-ta-kwana, na saita salula ta tashe ni sallar asuba na ajiye ta a ƙirjina. Karnukan ƙauyen suka dame ni, sai na toshe kunnuwa. (Ka ga mai hankali: na saita abin tashi, na kuma toshe inda zai shiga.) Na shige jaka, na ja zif, na tsuke hula, fitilar da hancina kaɗai a waje, na kwanta a gefen dama ina fuskantar gabas yadda aka koya mana. Ɗumin da na ji kuwa, tun da nake ban taɓa barci mai daɗinsa ba.

Abin da ya biyo baya ba da idona na gani ba, labari aka ba ni, kuma an ba ni shi ya fi a ƙirga.

Ashe da asuba Baba Illa ya ji ƙarfin jikinsa, ya kafe sai ya ga garkarsa ta albasa. Haru ya yi magiya, tsoho ya ƙi. Sai ya naɗe shi da bargo ya ɗora a keken jaki, suka fice ta ƙofar baya inda ake ɗaure jakin, ba su tashi kowa ba.

Gari ya fara haske sai ga wata tsohuwa maƙwabciya, Gwaggo Hajo, ta ɗauko kunu za ta kai wa majinyaci. Ta shigo zaure. Ta ga tabarma, a kanta mutum a miƙe, a naɗe cikin fari daga kai har ƙafa, fuska gabas. Ƙwaryar kunu ta suɓuce. Ta yi salati da ƙarfi ta faɗa cikin gida tana kiran sunan Baba Illa. Matarsa ta ruga ɗakinsa, ta tarar da gado ba kowa. Shi ke nan, magana ta tabbata.

Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gida ta cika. Mata na kuka a ciki, maza sun jeru a waje. An tura samari maƙabarta da magirbi. An buga wa dangi waya har Konni, har Zali. Wani ya tambayi wa ya yi wa mamacin wanka, aka ce Haru ne da malamai tun da duhu. Ina Haru? Ya tafi kai labari. To baƙon da aka ce ya sauka jiya fa? Shi ma ya bi shi. Kowa na ba da amsa, babu wanda ya ga komai. Ni kuwa ina nan kwance, salula ta yi kukanta a ƙirjina ta gaji. Kullum ina alfahari cewa ba na minshari. A ranar nan, da ina yi, da ya cece ni.

Liman ya iso, dattijo mai natsuwa, ya shiga zaure da wasu manya. Ya tsaya ya daɗe yana kallona a cikin duhu-duhun zauren.

"Wanga wane irin likkahwani na?" ya ce. "Da zif?"

"Na zamani na, Malam," in ji wani. "Halama Haru yas sawo shi Konni."

"A'a. Ba a kai Illa da zif ba. A buɗe, a sake mishi na gaskiya."

Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kai hannu wajen fuskata. Hannun ya gitta gaban fitila.

Fitila ta kama.

Sun ce wani farin haske ne ya fito daga goshin gawa, ya haska gemun Liman. Ya janye hannu da sauri, ta mutu. Ya sake kaiwa, ta sake kamawa. Daga nan ne nawa ganin ya fara, don taɓa ni da ya yi ya tashe ni. Na buɗe ido ta ɗan ramin hula na ga fuskar wani dattijo da ban sani ba dab da tawa, baki buɗe. Tsoro ya kama ni, na yunƙura na tashi zaune.

Ban ji ihun ba, kunnuwana a toshe suke. Gani kawai na yi manyan mutane masu rawani suna rige-rigen ƙofa ɗaya, babu mai cewa wani bisimilla. Wani ya bar takalmi, wani ya bar sanda. Liman da ya shigo yana dogara sanda ya riga samari fita.

Abin da ya zo mini a rai shi ne gobara. Ai dama ita nake jira duk shekarun nan! Na kai hannu zan zuge zif, zif ya cije ƙyalle ya ƙi motsi. Wuƙata mai baki barkatai tana cikin jakar goyo bayan ƙofa, hannuwana kuma suna ɗaure a ciki. Sai na yi abin da ya rage: na jingina da bango na miƙe tsaye, na nufi ƙofa ina tsalle da ƙafafu a haɗe.

Haka na fito filin ƙofar gida. Fari sol, ba hannu ba fuska, fitila na haske a goshi, ina tsalle ina cewa a taimake ni.

Jama'a suka watse, suka kwarara hanyar fadama. A daidai kwanar kuma suka yi kiciɓis da keken jaki, Haru na kora, marigayi Baba Illa na zaune a kai da ganyen albasa a hannu. Waɗanda ke gaba suka yi cirko-cirko, na baya suka hau su. Gawa a baya, mai gawa a gaba. Gwaggo Hajo ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe ido, ta ce duk wanda ya riga zuwa ya ɗauke ta.

Haru ne ya gane ni. Ya zo da wuƙar yankan albasa ya farke jakar daga wuya har ƙasa, ya zare mini abin kunne. Sai a lokacin na ji kukan mata, na ga makara a jingine da bango. Na fahimci abin da na yi, na kuma fahimci ban yi sallar asuba ba, a gidan surukai, a gaban Liman. Da ƙasa za ta tsage da na ce ta yi sauri.

Aka sauko da Baba Illa aka zaunar da shi a kan tabarmar da na kwana. Bai dube ni ba. Ya sa Liman ya faɗa masa waɗanda suka zo. Ya tambayi wa ya yi kuka, wa ya tafi gina kabari. A nan ne ya ji cewa wani ƙanensa, tun kafin a yi salla, har ya fara tambayar wa zai riƙe injin ban ruwa. Tsoho ya gyaɗa kai ya ajiye wannan a ransa. Sannan ya juyo.

"Kai na gawar?"

"Ni ne, Baba. A yi mini aikin gafara."

"Kai na ɗan Konni mai son Zali?"

Na sunkuyar da kai. Na riga na sallama. A raina har na fara tunanin ta wace hanya zan bi in koma ba tare da na ratsa kasuwar Badaguishiri ba.

Tsoho ya ƙare mini kallo. Sannan ya ce, "Na ce sai na ga natsuwarka. To na gani. Mutumen da gari duka ka kuka bisa kainai bai ko motsa ba, ban taɓa ganin mai natsuwa kama tai ba." Ya dubi Liman. "Malam, a sa rana bayan an cire albasa. In na bar wanga yaro yana yawo ba mata, wata rana sai ya kashe wani da gaske."

Kafin in yi godiya ya ƙara da cewa akwai rami da aka fara ginawa da sunansa, shi kuma bai shirya ba, in ɗauki shebur in je in maida ƙasa. Ina dawowa buɗu-buɗu sai ga Zali ta sauka daga kabu-kabu, idanu sun kumbura don kuka tun daga Konni. Ta ga Baba Illa yana shan kunu. Ta ga farar jaka a yage a ƙasa. Ta dube ni, ta ce, "Ba na ce ka bar su gida ba?" Ba ta sake ce mini uffan ba sai da aka kai lefe.

An yi biki lafiya, Baba Illa ne ma ya ba da aurenta da bakinsa. Jakar kuwa Haru ya ɗinke ta yana rufe irin albasa. Sai dai sunana na Shiri ya mutu a ranar. Har yau in na sauka a ƙauyen, tun daga bakin hanya ake yi mini maraba: "Margayi ya zaka! Margayi, ina gajiya?" Nakan amsa, don babu yadda na iya.

Na koyi abu biyu. In mai shago ya ce maka kowa ya ɗaga kaya sai ya ajiye, ka tambayi dalili. In kuma mai masauki ya miƙo maka gwado, ka karɓa da hannu biyu. Na yi shekara da shekaru ina shirin tarbar bala'i, ban taɓa kawowa a raina cewa ranar da zai sauka a garin mutane, ni ne zan zo da shi a jakar goyo ba.