Goron Aljihun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya faɗo hannuna a ɗakin duba marasa lafiya ba. Lokacin ina ɗalibin aikin lafiya, an turo mu wani asibiti a Anka koyon aiki, ga ni da sabon abin sauraren ƙirji irin na likitoci. Ko wurin mai shayi zan je yana rataye a wuyana. (Inna ta ce saura in shiga wanka da shi.)

Na ce surukina, amma a lokacin gaisuwa kawai aka kai, ba a ɗaura ba. Malam Ummaru mahaifin Balkisu ne. Ya daɗe yana aikin injin niƙa dutsen zinariya a Bagega, inda ƙura ke mayar da mutum fari fat. Tari ya kama shi ya ƙi saki, ya rame, numfashi ya fara gagararsa. Balkisu ce ta lallaɓa shi ya zo. Ta kira ni tana kuka: "Don Allah ka duba min Baba da kyau."

Ya shigo cikin sabuwar shadda da ta sha sitaci. Ni kuwa ban san sanda na zame daga kujera na durƙusa ba. Ka ji fa, mai duba mara lafiya a ƙasa, mara lafiya a tsaye!

"Tashi ɗana, yi aikinka," in ji shi.

A aji an koya mana har na haddace: a cire riga, a duba da ido, a taɓa, a ƙwanƙwasa, sannan a saurara. To amma wa ya isa ya ce wa surukinsa ya tuɓe riga? Mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa! Sai na kawar da kai, na miƙa hannu daga nesa, na ɗora abin a kan shaddar.

A hagu na ji ƙaras-ƙaras, kamar ana taka busasshen ganye. A dama kuwa tsit. Na ce a raina, alhamdulillahi, ko ba komai huhu ɗaya ya tsira.

Ana haka babban likitanmu ya shigo, wani dattijo ɗan Gummi mai magana a hankali, ɗalibai na biye da shi.

"Mi ka gani?"

Na gyara murya, don suruki ya san ba a banza zai ba da 'yarsa ba. "Ranka ya daɗe, huhun hagu ya lalace, sai ƙara yake yi. Na dama lafiya lau, shiru kake ji."

Likita ya juya wajen mara lafiya. Ya gaida Malam Ummaru da ladabi, ya ce, "Malam, a yi haƙuri a ɗan hidda rigar." Shi ke nan fa! Ba musu ya cire. Yana cirewa sai ga ƙullin leda ya faɗo daga aljihun ƙirji na hagu, goro ya watse a ƙasa.

Likita ya ɗauki ledar ya murza ta kusa da kunnena. Ƙaras-ƙaras. "Ciwon nan ne ka jiya?"

Wayyo ni! Ɗalibai suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Amma likita bai yi dariya ba. Ya ce mu matso.

"Ku dubi ƙirjin kawai."

Muka duba. Hagu na tashi yana sauka, dama kamar an danne shi. Ya sa yatsa a ramin wuya, ya nuna mana maƙogwaro ya karkata hagu. Sannan ya shimfiɗa yatsa a bayan Malam Ummaru, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da wani yatsan. Hagu ya amsa kamar jarka ba komai ciki. Dama ya amsa dum, kamar jarkar da aka cika. Ya yi ta hawa sama a hankali har inda sautin ya sake, ya tsaya.

"Ruwa ne ya taru. Iya nan ya kawo."

Ba hoto, ba inji, yatsu biyu kawai, mutum ya leƙa cikin ƙirjin ɗan'uwansa! Ya kama hannuna ya ɗora abin sauraren nawa a kan fata, ta hagu. Subhanallahi. Iska na shiga tana fita, laushi-laushi, kamar iskar yamma cikin gonar gero. Duk rataye-ratayen da nake yi, ban taɓa tsayawa na ji wannan da kyau ba, kuma ashe tana cikin kowa dare da rana. Har kunyar ma na manta da ita.

Ya mayar da hannuna dama. Tsit.

"Huhu mai lahiya bai yin shiru, ɗana," in ji likita. "Shirun nan shi aka jin tsoro."

Hoto ya tabbatar da maganarsa. Aka zuƙe ruwan, gwaji ya nuna tarin fuka ne, aka ɗora shi kan magani. Har yau ina tunawa: da ni kaɗai ne a ɗakin, da goro zan yi wa magani.

Malam Ummaru ya warke, bai kuma gaya wa kowa a gida labarin goron ba. Ranar ɗaurin aure, ina durƙushe gabansa, ya zaro goro daga wannan aljihu ya danƙa mini a hannu, ya raɗa mini: "Ga huhun nan nawa da ya lalace. Ci, an ce ya ji sauƙi."

Tun daga ranar, kunyar suruki a zaure nake barinta. Wanda duk ya zauna gabana da tari, komai furfurarsa, sai na gaishe shi da kyau, sannan in ce a yi haƙuri a cire riga. Shi kansa Malam Ummaru yanzu tun daga bakin ƙofa yake fara kwashe aljihunsa.