Furar Yaya Sani

Shekara goma sha biyu ina jan mota a Kano, amma kullum zuciyata tana gonarmu ta Nariya. Bayan rasuwar Baba na koma girbin dawa, na ɗauki addarsa, ina cika wa yayana Sani baki cewa birni bai mantar da ni komai ba.

Ina ɗaga wani tarin kara sai ga gamsheƙa ta fasa kai, ta tsarto dafi. Na ji danshi a kumatuna. Nan take na tuna maganar Baba, cewa in ta tofa maka a ido ka wanke da nono. Na zura da gudu gindin ɗorawa, inda wata Bafulatana mai nono take zaune. Ko sallama ban yi ba, na suri kwanon da ke gabanta na sheƙa a fuska, idanuna a buɗe tarwai.

Ashe fura ce damammiya, ta ji citta da barkono. Yaya Sani aka dama wa.

Da ya iso ya duba ni, sai ya ce, "Dafin ko girarka bai taɓa ba. Wannan jan idon aikinka ne." Bafulatanar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kwana biyu ina hawaye, kuma ba duka na barkono ba ne.

A Kano ba wanda ya san labarin nan, shi ya sa nake jin baƙunta. Kewata in sauka a Kibiya, mai nono ta hango ni ta ce, "Direba, sannu da zuwa. A ludayi za ka sha, ko a ido?"