Dish Ɗin Inna Rabi Ya Shiga Kimiyya

Ranar Talata na makara aiki, kuma laifin kimiyya ne. Mai adaidaita ya sauke mu tun daga kwana, wai an tare hanya, manya za su zo Sharada buɗe na'urar sauraron taurari. Na ƙarasa da ƙafa.

Ni a kamfanin roba nake, ina cire buta daga inji ina kankare mata gefe. Ban yi jami'a ba. Amma idan an ɗauke wuta, wato kullum, ina 'yan karance-karance a waya. A nan na ga ashe taurari suna aiko da saƙo irin na rediyo, wanda ido ba ya gani, sai an kafa ƙaton faranti ya kamo shi. Afirka ta Kudu sun jera irinsa da yawa a jeji. Sin sun gina wani a cikin kwari, wai ya fi unguwa faɗi. Har akwai wata ƙara da ake kamowa daga can nesa, kafin ka ƙifta ido ta wuce, masana suna ta gardama a kan mafarinta. Kuma ba a yarda ko waya ta kusanci wurin, don kada ta dame su.

Na ce madalla, Sharada ta dace. Rabin kamfanonin sun mutu, wuta ba ta zuwa. Shirun da wasu ƙasashe ke shiga daji nema, mu manyanmu sun daɗe da tanadar mana shi. Ai dole a yaba musu.

Da na iso na ga na'urar. Dish ɗin Inna Rabi ne.

Inna Rabi ita ke sayar mana da shinkafa da wake a ƙofar wata masaƙa da ta rufe tun ina firamare. A harabar akwai tsohon dish na manaja, ƙato, ya saki ya koma kallon sama. A ciki take shanya barkono. Awaki ba sa kaiwa, ƙasar titi ba ta shiga, zafi kuma yana taruwa a tsakiyarsa. Yajin nan shi ya sa muke wuce masu abinci uku mu zo layinta. In babu shi, shinkafa da wake ce kawai irin ta kowa.

Na same ta riƙe da buhu, an share mata barkonon an watso ƙasa, an shafe dish ɗin da farin fenti.

"'Yar nan, ke da kike karatu, me za su ji a ciki?"

"Taurari, Inna."

"Shekara nawa ina leƙa shi, ko tari ban taɓa ji ba."

Ta tari wani ɗan kwamitin taron mai waya biyu a hannu. "Yallaɓai, in an gama taron zan mayar da shanyata?"

Ya ce, "Baba, wannan yanzu kayan bincike ne." Ya wuce.

Ita dai ta sa rai in sun watse za ta koma, don ta san manya ba sa komawa inda suka buɗe. Ni ma haka na zata. Sai matsala ta taso. Wani ya zauna a kujerar Mai Girma Sarkin Almakashi don gwaji, ya ɗaga kai, ya ga ƙarƙashin dish kawai yake gani, da tsatsa da gidan zanzaro. Hankali ya tashi. Aka kira Sani mai walda, aka ce ya kwantar da shi ya fuskanci babban tebur.

Sani ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sama ya kamata ya kalla ba?"

"Sama ce ta zo buɗe taro?"

Sani ya ja janareta, ya juya dish ɗin, ya liƙe shi liƙewar da ko jikokinsa ba za su ɓalle ba. Yaron yana da amana a aiki, shi ne abin takaicin.

Mai Girma ya iso da jiniya, ya yanke ƙyalle, ya ce daga yau mu za mu riga kowa jin labarin sama. Muka tafa. Akwai wata igiyar wuta da ta fito daga dish ɗin ta shige ƙarƙashin tebur. Na leƙa. A nan ta ƙare.

Yanzu na'urarmu tana fuskantar titi, tana sauraron tireloli. Ko ƙwayar barkono ɗaya ba ta zama a ciki. Inna ta gwada shanya a ƙasa, awaki suka yi walima, abin da ya rage ya sha yashi. Muka fara tauna yaji yana ƙaras-ƙaras. Biyu daga 'yan layinmu suka koma wajen mai taliya. Inna ta daina gaisawa da Sani.

Jiya na same ta tana murmushi. Ashe manyan sun bar wani baƙin dutse mai sheƙi a kwance a kan dakalin siminti, tsayinsa ya kai ƙirji, an rubuta sunayensu da ruwan zinare. Ta baje barkono a kai, tun daga Mai Girma har sakataren kwamiti.

"'Yar nan, taɓa ki ji. Ya fi dish ɗin ɗaukar zafi."

Na taɓa. Gaskiya ne.

Don haka masu cewa ayyukan manya ba sa amfanar talaka su ji tsoron Allah. Roƙonmu ɗaya ga kwamiti: in za a sake buɗe wani abu, a ƙara yawan sunaye. Inna tana son ta fara shanya kuɓewa.