Tarin da Na Kai Bayan Rumfa

Ba zan taɓa mantawa da ranar taron tarin fuka a Argungu ba, ko da na so in manta, mutanen bakin gulbi ba za su bar ni ba.

Aikina shela ne. Ni ke zama cikin motar sashen lafiya da lasifika, daga Badariya zuwa Ambursa, ina cewa duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a duba shi, gwaji da magani kyauta ne. Muryata Allah ya ba ni, ilimin kuwa sama-sama ne. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni kaina na daɗe ina tari, ga zufa, ga wando ya fara yi mini yawa. Matata Hadiza ta yi magana har ta gaji, musamman da yake muna kwana ɗaki ɗaya da jaririyarmu. Na ce mata ƙaiƙayin shinkafa ne (gonar da rabona da ita tun bara). Tsorona kada a ce mai shelar tari shi ke da tari, a karɓe lasifikar.

A lokacin ne gwamnatocin yankinmu suka haɗa kai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, har da maƙwabtanmu na Nijar. Dalili kuwa, masunta da 'yan kasuwa kan fara shan magani a nan, su ƙetare iyaka, su watsar. Aka shirya duk inda mutum ya je, ya tarar da maganinsa. Aka kira taron ƙaddamar da shirin, aka ce ni zan gabatar da baƙi.

Na sha sabuwar shadda, na cika aljihu da alewar tari. Da farko lafiya lau. Har na hango wani dattijon masunci, Baba Ɗanladi, yana kakkaɓe maƙogwaro, na ce ta lasifika, "Baba, ga motar hoton ƙirji can, kada a ji kunya!" Aka yi dariya, na ji daɗi.

Wata likita daga Dosso ta Nijar tana cikin jawabi sai na ji abin ya taso mini. Na sulale bayan rumfa, na durƙusa kusa da janareta, na saki tarin da na riƙe tun safe. Na yi shi ba ƙaƙƙautawa. Da na samu numfashi na ce, "Kai, wannan tari sai ya tona mini asiri."

Sai na ji maganar ta dawo mini daga kowace kusurwa ta filin. Makirufo ɗin yana hannuna, ban kashe shi ba.

Na fito ina gyara hula. Baba Ɗanladi ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗana, ga motar hoton ƙirji can. Kada a ji kunya."

Har manyan baƙi sai da suka sunkuyar da kai suna dariya. Likitar ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, tun yaushe?"

Na ce, "Kwana biyu ne, likita."

Direbanmu Sani (Allah ya isa, amma na yafe) ya ɗaga murya: "Wane kwana biyu? Tun azumi nike jin shi cikin mota!"

Haka aka buɗe motar gwajin da ni, jami'an ƙasa biyu suna tafi. Baba Ɗanladi ya bi bayana, shi mura ce kawai. Ni kuwa tarin fuka ne. Washegari Hadiza ta goya yarinya muka tafi asibiti domin a duba su. Da aka ce su biyun lafiya suke, aka ba yarinyar maganin kariya, sai na nemi benci na zauna, na yi hamdala.

Wata shida na sha magani ban tsallake ba. Lasifikar ma ba a karɓe ba. Sai dai yanzu idan na yi shela a bakin gulbi, masunta kan amsa, "Malam, kai ka je?"

Nakan ce na je. Kuma tun daga ranar, duk abin da zan faɗa wa jama'a nakan fara gwada shi a gida, sannan in duba ko makirufo a kashe yake.