Rasuwar Ɗan Kambaza, Keken da Taswira Ta Raba da Inuwarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma koyon tafiyar ƙasa da girmansu, iyalan Malam Abdulgani, malamin firamare a garin Kalgo, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, wanda aka fi sani da Ɗan Kambaza. Marigayin ya cika ranar kasuwa da hantsi, a ƙarƙashin tayar motar albasa.

Ba wanda zai iya faɗin shekarunsa. Abin da aka sani shi ne mahaifin Abdulgani ya hau shi tsakanin Kambaza da Gwandu tun yana da baƙin gemu, har tafin hannunsa ya cinye robar kan keken, kuma a wannan gurbin Abdulgani yake ɗora nasa hannun. Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki gero, ya ɗauki rago, ya ɗauki mai naƙuda, bai taɓa tsayawa layin gidan mai ba. Ya sha faci har ba a gane asalin tayarsa. Maganarsa ba ta da yawa: ƙiiƙ-ƙiiƙ idan ana hawan tudu, kirin-kirin idan akuya ta tare hanya. Zahra'u, matar gidan, ta ce da wannan ƙiiƙ-ƙiiƙ take sanin lokacin zuba abinci.

Gata ɗaya yake da shi a duniya: wata tsamiya a bayan shagon Sirajuddeen tela, kusa da kasuwa. Lungu ne da ba kowa ya san da shi ba. Nan Abdulgani yake jingine shi, rana ba ta taɓa sirdinsa, babur ba ya gugar jikinsa.

Ciwon ajali ya shigo ta waya. Wasu ɗalibai da matasan gari, ƙarƙashin wata ɗaliba mai suna Mubaraka, suka kafa ƙungiyar sa-kai don yin taswirar wuraren ajiye keke da babur, wadda kowa zai buɗe kyauta, ya gani, ya ƙara abin da ya sani. Abdulgani, da ba a raba shi da aikin alheri, shi ne na farkon shiga. Marigayin ne ya ɗauke shi lungu-lungu, suna sa kore inda ke da aminci, ja inda ke da hatsari. Wato dai da fedarsa ya tuƙa kansa zuwa ga ƙaddara, bai sani ba.

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce ba a ɓoye bayani. Abdulgani ya yi wata da watanni yana wa'azin wannan ƙa'ida ga mutane, tsamiya kuwa tana cikin cikinsa. Wata rana Mubaraka ta tambaye shi, cikin ladabi, ina Malam yake ajiye nasa, don ba ta taɓa ganinsa a rana ba. Kunya ta kama shi. Washegari ya ɗauki hoton marigayin a inuwar, ya ɗora a taswira, ya sa kore, har da ƙarin yabon da ba a nema ba. Aka yi masa tafi a taro, ya dawo gida yana jin kansa.

Taswira ta yi aiki, wannan kam ba a musu. Masu kekuna suka fara zuwa, 'yan kabu-kabu suka biyo su, mai shayi ya ga jama'a ya kawo teburinsa, mai faci ya kafa famfo. Sirajuddeen tela ya daina gaida Abdulgani da fara'a.

Ranar da abin zai faru, Abdulgani ya iso gindin tsamiya ya tarar ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Ya zaga, ya roƙa, wani ɗan kabu-kabu ya ba shi shawara da zuciya ɗaya cewa ya duba taswira, wai tana da amfani sosai. Daga ƙarshe Abdulgani ya jingine marigayin a bakin titi, daidai inda shi da kansa ya sa wa ja, da niyyar ya sayo gishiri ya dawo. Motar albasa ta yi baya. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa marigayin bai yi raki ba. Kirin ɗaya ya ce, ya yi shiru.

Abdulgani ya tsuguna a gefen titi ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Kan keken kawai ya riƙe, ya ƙi saki.

Marigayin ya bar famfo guda, da kariyar ɗaukar kaya mai karyayyen ƙugu, da ƙararrawa da ta daina magana, da kwaɗon kulle wanda ya fita ko ƙwarzane babu, har yanzu yana tsaron abin da ba ya nan. Ƙungiya ta aiko da ta'aziyya, ta kuma bayyana cewa hatsarin ya tabbatar da ingancin bayananta, tunda a ja ya faru. Mubaraka ta nemi izinin cire hoton daga taswira don kada ya riƙa fama masa ciwo. Abdulgani ya ce a bar shi, ba shi da wani hoton.

Za a raka gawar zuwa wurin 'yan gwangwan ranar Asabar bayan la'asar, ban da kan keken, wanda zai zauna a ɗakin maigida. Zaman makoki a ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa su zo da ƙafa, babu wurin jingina.

Wanda bai samu zuwa ba, kuma yana son ganin fuskar marigayin, sai ya buɗe taswira ya latsa tsamiya. Yana nan jingine shi kaɗai, inuwa ta lulluɓe shi, a ƙasa kuma ga abin da Abdulgani ya rubuta: wuri ne mai yalwa, ba wanda zai dame ka.