Ranar da Na Tsaya wa Doguwar Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, lokacin da surukata, Inna, ta zo mana Dogon Dutsi daga Kore Mairuwa. Ta tarar da 'yar farina, mai aji uku a kwaleji, ta dulmiya cikin wani littafin almara na Faransanci, har tuwo ya kama. Nan take ta yanke hukunci: a raba yarinya da tatsuniyoyin nasara.

Ni kuwa na riga na karance littafin a ɓoye (tsakanin wanki da la'asar, Allah Ya yafe mini). Akwai wata doguwa a ciki, aljana mai shekara dubu, tana gadin rijiya tana koya wa marainiya haƙuri. Har kuka na yi mata. A raina kamar kakata take: lulluɓi, goro a kunci, murya ƙasa-ƙasa.

Sai na durƙusa na ce, "Inna, labarin tarbiyya ne zalla. Akwai wata dattijuwa mai shekara dubu a ciki, wallahi kamar ku. Japanawa ma sun mai da shi zane mai motsi, bari a sa muku."

Kamar ku, na ce! Alhali ban taɓa kallonsa ba.

Yarinyar tana ta ƙifta mini ido, na ɗauka murna ce. Aka kunna tele. Ga rijiya, ga marainiya, ina ta gyaɗa kai kamar ni na rubuta. Sai ruwa ya dare, doguwa ta fito: budurwa fil, gashi shuɗi har gadon baya, ido kamar faifai, ɗan siket ɗin da bai kai murfin tukunya ba.

Na nemi telekomandi in kashe telen daga nesa. Yana ƙarƙashin cinyar Inna. To wa ya isa ya kai hannu can? Telen kuma tana gabanta, ba na iya gitta ta a tsaye. Haka na zauna ina ƙirga zaren tabarma, doguwa tana tsalle tana wulwula takobi.

Inna ta gyara tabarau.

"Wagga ita ce mai kama da ni?"

"A littafi ba haka take ba, Inna."

"Shekara dubu kika ce? To a kai ni rijiyar nan in sha, gwiwata ta dame ni."

Sai da ta kalla har ƙarshe, wai tana son ta ga ko marainiyar ta samu ruwa. Sannan ta dubi jikarta ta ce, "Takardar, ki karanta abinki, tunda can uwarki ta yi mata sutura. Wagga ta tele kau, kada in ƙara ganin ta gidan ga sai an ɗaura mata zane."

Tun ranar na daina ba da shaida a kan mutumin da ni na ɗinka masa kaya a cikin kaina.